Giginya da Satiru: Abin da Jagora Ke Faɗa da Abin da Yake Tsallakewa

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a yi bayanin wata irin ziyara wadda ba mu faye ba ta muhimmanci ba a ƙasar Hausa, wato ziyarar wuraren da aka yi asarar rayuka masu yawa, tare da jagoran da mutum ya ɗauka don kansa ya zagaya da shi. A wasu ƙasashe abin ya zama sana'a mai tsari. A Kigali ta ƙasar Ruwanda, alal misali, an buɗe gidan tunawa da kisan kiyashin 1994 a shekarar 2004, an binne mutum fiye da 250,000 a harabarsa, kuma baƙon da ya je zai tarar da hotuna da rubuce-rubuce a jikin bango da ma'aikatan da aka horar don su yi masa bayani. Mu kuwa a nan, galibin wuraren da aka zubar da jini filaye ne da kufai. Saboda haka abin da baƙo zai koma gida da shi ya dogara ga bakin jagoransa. Nan ne batun ya shafe mu, mu ɗaliban Hausa, domin magana ce ta zaɓen kalmomi.

Mu mutanen Damba da kewayen Gusau ba sai mun yi nisa ba kafin mu taka irin wannan wuri. A ƙarshen watan Fabrairu na 1903, a yankin Kwatarkwashi cikin ƙasar Bungudu ta yau, wata ƙaramar rundunar Turawa ta yi karo da mayaƙan Kano da ke komowa daga Sakkwato. Sarkin Kano Alu ya je mubaya'a ne wurin sabon Sarkin Musulmi, aka ci birninsa a bayansa ranar 3 ga Fabrairu, shi kuma ya rabu da rundunar a hanya. Waziri Ahmadu ne ya ja waɗanda suka zaɓi faɗa, a nan ya rasu, har yau kuwa Kanawa suna kiransa Mai Shahada. Baturen da ya ja ɗaya ɓangaren, Laftana Wallace Wright, an ba shi lambar jarumtaka mafi girma ta ƙasar Ingila saboda wannan karo. Motoci na wuce dutsen Kwatarkwashi dare da rana, amma matafiya nawa ne suka san haka? Sai dai babban abin da nake son in tsaya a kansa yana Sakkwato, inda wurare biyu, Giginya da Satiru, suke nuna yadda gari ɗaya kan ɗaukaka wani bala'i ya kau da kai daga wani.

Wane ne jagora?

Wanda ya isa Sakkwato da niyyar irin wannan ziyara zai iya samun jagora iri uku. Akwai ma'aikacin gwamnati, kamar na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, wanda ya san shekaru da takardu. Akwai masu kula da wuraren ziyara irin Hubbaren Shehu, waɗanda suka gaji bayanin daga iyaye, suna zubo shi kamar hadda, da salati da addu'a a tsakani. Sannan akwai dattijon unguwa ko na ƙauye, wanda ba aikinsa ba ne, amma ya ji daga kakansa. Na farko yakan ba ka kwanan wata, na biyu ya ba ka nasaba da karamomi, na uku kuwa shi ke da labarin da ba ya cikin littafi, amma sai ya yarda da kai, kuma sai an bi ta hannun mai gari an yi gaisuwa an ajiye ɗan goro. Amfanin ɗaukar jagora kai kaɗai, maimakon shiga ayarin ɗalibai arba'in, shi ne kana iya tsayar da shi ka tambaya. A cikin ayari kowa na duban mota.

Giginya

Ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta fuskanci jama'ar Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya a wani fili a kudancin ganuwar Sakkwato. Watanni biyar kacal ke nan da hawansa sarauta, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman. Ɗaya ɓangare na da igwa da bindiga mai ruwa, ɗaya kuwa takobi da mashi da kwari da baka da 'yan bindigogi. Faɗan bai kai awa biyu ba. Abin da kowa ya yarda da shi, har su Turawan da suka rubuta labarin, shi ne wasu mutane sun tsaya gindin tuta sun ƙi gusawa, in wannan ya faɗi wancan ya ɗauka, har aka ƙare da su. Tutar nan ta daɗe a hannun sojan Turawa, sai a 1960 aka mayar da ita ga Sarkin Musulmi Abubakar na uku.

Attahiru ya nufi gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bar gonaki da gidaje suka bi shi, har aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, ya rasu tare da mutum fiye da 600. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau a bakin kogin Nilu. Waziri Buhari kuwa ya zaɓi komowa ya zauna da Turawa, ya kuma rubuta risala da Larabci yana kafa hujjar yin haka don kare addinin waɗanda ba su iya tafiya ba. Gwamna Lugga ya iso, aka naɗa Muhammadu Attahiru na biyu ranar 21 ga Maris.

Yau birni ya haɗiye filin. Abin da baƙo zai fi gani shi ne sunan: filin wasa na Giginya, otal ɗin Giginya, barikin soja na Giginya, makarantar sakandare ta Giginya. Wato Sakkwato ta tuna da ranar ta hanyar raɗa suna, kamar yadda Bahaushe kan mayar wa jika sunan kakansa. Wannan hanya tana da ƙarfi, domin sunan ya shiga bakin kowa, har ɗan acaba. Tana da rauni kuma, domin suna kan tsufa ya rabu da ma'anarsa; yaro zai ce za shi Giginya kallon ƙwallo ba tare da ya taɓa tunanin itaciyar da aka mutu a kusa da ita ba. Aikin jagora a nan shi ne ya mayar wa sunan nauyinsa, kuma yawanci suna yi da kyau, gama labari ne da gari ke alfahari da shi.

Satiru

Kimanin mil 14 kudu da Sakkwato, wajen Dange da Shuni, akwai kufan wani gari. Satiru gari ne na talakawa da almajirai da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, kuma tun 1904 aka fara jin maganar Mahadi daga can, har aka kama shugabansu aka kai shi Sakkwato, ya rasu a tsare. Ɗansa, Malam Isa, ya gaje shi. A farkon 1906 wani malami makaho, wanda aka fi sani da Ɗan Makafo, ya iso daga ƙasar Zabarmawa, inda aka riga aka yi wa Faransawa bore aka murƙushe shi. Zuwansa ya ƙara wa wutar iska.

Ranar 13 ga Fabrairu 1906 Satirawa suka auka wa maƙwabtansu na Tsomo, waɗanda suka ƙi bin su, suka kashe mutane. Wannan ma gaskiya ce, bai kamata mai ƙaunar Satiru ya ɓoye ta ba. Kashegari muƙaddashin Razdan, Preston-Hillary, ya fita da sojan doki don ya kamo shugabanninsu. Ya wuce gaban sojan yana nufin ya yi magana da mutanen, soja suka rikice wajen jeruwa, mutanen gari suka far musu da gatura da fartanyu da kibau. Aka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Laftana Blackwood da soja baƙar fata 25, bindiga mai ruwa ta faɗa hannun manoma. Tun zuwan Turawa ƙasar nan ba a taɓa yi musu irin wannan ba, ga shi kuma yawancin sojansu suna can ƙasar Tibi wajen wani yaƙi. Da sarakuna sun goyi bayan Satiru a makonnin nan, da labarin mulkin Turawa a Arewa ya sauya. Ba su goya ba. Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya tsaya tare da Razdan Burdon, Marafa Maiturare kuma, wanda ya yi yaƙi da Turawa a Giginya shekara uku da suka wuce, shi ne ya ja dawaki zuwa Satiru.

Ranar 10 ga Maris 1906 Manjo Goodwin ya iso da soja fiye da 500. An ƙiyasta waɗanda aka kashe a ranar da wajen bin masu gudu sun kai 2,000, aka kwashe mata da yara kimanin 3,000 aka rarraba, aka rushe garin ƙurmus. Ɗan Makafo aka yi masa shari'a a Sakkwato aka kashe shi a kasuwa. Sarkin Musulmi ya yi baki ga duk wanda ya sake gini ko noma a wurin, kuma ba a sake gina garin ba. Turawa suka ba shi lambar girma, suka tuɓe Sarkin Gwandu na lokacin bisa zargin yana da hannu. Kisan ya yi munin da har a Landan, Winston Churchill, wanda yake ƙaramin minista a ofishin mulkin mallaka, ya nuna rashin jin daɗinsa a rubuce.

To, mai karatu ya auna. Waɗanda suka mutu a Satiru sun ninka na Giginya sau da yawa, amma sunan Giginya ne ke jikin manyan gine-ginen birni.

Kalmomin da jagora ke zaɓa

A nan ne ɗalibin harshe ya kamata ya kasa kunne. In ana maganar Giginya, kalmomin da za ka ji su ne shahada da shahidai da jihadi, tafiyar Attahiru kuma hijira ce, ba wanda zai ce gudu. Kalmar hijira tana ɗauke da dukan tarihin Shehu daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, da na Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) kafin nan. Da an furta ta an gama yanke hukunci. Waƙar nan da ake jingina wa Attahiru game da zuwan Annasara ita ma a kan wannan ma'ana ta ginu. In aka juyo Satiru kuwa sai harshe ya sauya: tawaye, bore, fitina. Ko waɗannan ukun ba ɗaya ba ne. Tawaye fita ne daga biyayyar shugaba na halal, don haka mai faɗinsa ya riga ya amince da halaccin wanda aka yi wa. Bore ya fi kusa da tashin talaka a kan zalunci, kamar yadda muke cewa boren haraji. Fitina kalmar malamai ce, tana mayar da abin rikici tsakanin Musulmi wanda ya fi kyau a yi shiru a kansa.

Akwai kuma wata dabara ta nahawu da ya kamata a lura da ita. Hausa tana da wakilin suna na boye mai aiki, wato "aka" da "an". Jagora zai ce Turawa suka harbi masu tuta a Giginya, ya ambaci mai aiki ƙarara. A Satiru sai ka ji "aka kashe", "aka kwashe mata", "aka rushe". Ni kaina na yi amfani da shi a sama, domin shi harshe ya tanada. Amma wa ya kashe? Turawa ne suka ba da umurni, sojan da suka harba 'yan ƙasa ne, Hausawa da yawa a cikinsu, dawakin da suka bi masu gudu kuwa na sarakuna ne. Wannan "aka" laima ce da kowa ke fakewa a ƙarƙashinta.

A ganina bai dace a zargi jagora da ƙarya ba. Mutum ne mai zama a gari, jikokin waɗanda suka ja dawakin suna nan da sarautunsu, jikokin matan da aka kwashe su ma suna nan cikin gidaje, wasu ba su ma san asalinsu ba. Kunya da kara sun hana a tona. Masana tarihi ne suka fara tonawa: R. A. Adeleye ya yi rubutu a kan Satiru a 1972, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn kuma a 1990 suka nuna cewa bayi da talakawa ne ƙashin bayan tashin, abin da ya sa sarakuna da Turawa suka ga maslaharsu ɗaya ce. Sai dai duk da Ingilishi aka yi waɗannan, kuma galibi daga takardun Turawa. Abin da ya rage a bakin tsofaffin Dange da Shuni da Danchadi, na waƙa ko karin magana ko zambo, aikin sashenmu ne, ba na wani ba.

Don haka wanda zai je, ya karanta kafin ya tashi, ya roƙi jagora tun farko cewa yana son a haɗa da Satiru, domin in bai ambata ba da wuya a ambata masa. Ya nemi izini kafin ya ɗauki murya, ya rubuta kalmar da mai magana ya furta yadda ya furta ta, kada ya gyara masa ita zuwa daidaitacciyar Hausa, gama Sakkwatanci na da nasa kalmomin. Ya yi wa mamata addu'a a wuraren biyu. Kuma tun da hare-haren 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan Zamfara da gabashin Sakkwato a shekarun nan, ya tambayi halin hanya tun daga tashar Gusau, ya bi ta Bungudu da Maru da Talatar Mafara da Tureta da rana tsaka, kada ya ratse zuwa kufan sai da ɗan gari.