BASIC, Scratch ko Python: Da Wanne Ɗalibi Zai Fara?

Yaren kwamfuta shi ne hanyar da mutum ke rubuta wa na'ura umarni ta bi daki-daki. Wanda ya yi darasin kwamfuta a babbar sakandare ya san BASIC, domin ya kasance cikin manhajar jarrabawar WAEC. A 1964 aka ƙirƙiro shi a Kwalejin Dartmouth ta Amurka saboda masu koyo, kuma yana da sauƙi. Matsalarsa ɗaya: da wuya yau ka samu wurin aikin da ke neman sa.

To me zai biyo bayansa a makarantun Wurno, Rabah ko Goronyo? Kafin a yi gardamar wane yare ya fi, sai an duba wutar lantarki, da yawan kwamfutocin, da abin da malamin ya iya.

Scratch, wanda jami'ar MIT ta fitar a 2007, ba a buga umarni a cikinsa. Tubala masu launi ake ja ana haɗawa, kamar ana jera bulo, don haka kuskuren harafi ba ya tsayar da yaro. Ana iya sauke shi a yi aiki ba intanet. Amma yana son babban allo, kuma ɗan aji biyar zai gundura da shi da wuri.

Ni dai Python nake goyon baya. Guido van Rossum ya fitar da shi a 1991, kyauta ne, rubutunsa gajere ne, kuma da shi muke tantance alƙaluman bincike a jami'a. Abin da ya fi burge ni: yana aiki a wayar Android ta manhaja irin Pydroid 3. Kun ga ko ɗakin kwamfuta na kulle, ɗalibi zai iya gwaji a gida da wayar yayansa.

Sai dai fa umarninsa da Turanci suke, kuma tazara ɗaya da ta kauce a farkon layi tana iya hana shirin tashi. Shi ya sa ya kamata a fara da alli da allo. A ce manomin albasa a bakin madatsar Goronyo yana son sanin ribarsa: yawan buhuna sau farashi, a cire kuɗin taki da man injin ban-ruwa, idan saura ya gaza sifili, a rubuta "asara". Ɗalibin da ya tsara waɗannan matakai da Hausa zai mayar da su Python cikin layi biyar ko shida, ranar jarrabawa kuma ya mayar da su BASIC.