Bayani A Kan Riƙon A-kori-kura Mai Shan Gas Ga Wanda Ya Fara Mallakarta

 Ga kaka ta gabato, kuma mun ga da yawa daga cikin abokan ciniki sun fasa asusu sun sayi a-kori-kura ta hannu mai shan gas, domin su huta da jiran motar haya ranar kasuwa. Dabara ce mai kyau. Amma mu da muka riga ku saye, muka sha wuyarta, ya zama lalle mu gaya muku abin da muka gano, don kada jarin da aka yi shekaru ana tarawa ya ƙare a garejin bakanike.

Iyayenmu da Peugeot 404 da 504 suka yi fatauci, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, kuma galibinsu fetur suke sha. Saboda haka yawancinmu sanin motar fetur muka gada. To, mai shan gas halinta daban. Mu da Toyota Hilux za mu ba da misali, mai inji 3L ko 5L, domin ita muka riƙe, kuma ita ta fi yawa a hannun mutanenmu.

Fasali na farko: yadda injinta yake aiki

Ku sani, injin gas ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Iska yake zuƙa zalla, ya matse ta wajen ninki 20, har ta yi zafin da ya wuce digiri 500. Sa'an nan famfon injekta ya tura gas ta bakin nozul, ya fesa shi kamar raɓa a cikin wannan iska mai zafi, sai ya kama da kansa. Iyakar asirin ke nan. Wanda ya gane wannan ya gane abin da injin yake nema: mai mai tsabta, iska mai tsabta, baƙin mai mai kyau, da ruwan da zai sanyaya shi. In ya samu waɗannan, yana iya yin kilomita dubu ɗari bisa dubu ɗari ba a buɗe shi ba. In ya rasa guda, gyaransa ya fi na fetur tsada nesa ba kusa ba.

Daga nan kuma aka samu ladabin tayar da ita. Da safe, musamman lokacin hunturu, a murɗa makulli rabi, a jira fitilar hita ta mutu, kana a tayar. In ba ta tashi ba, kada a danne makulli fiye da daƙiƙa 10. A saki, a ɗan jira, a sake. In ta tashi a bar ta minti 1 ko 2 baƙin mai ya kewaya, kuma a fara tafiya a hankali.

Fasali na biyu: makon farko

Dukkanmu mun san buhun da aka zuba mai kyau a baki, tsakuwa a gindi. Motar hannu ma haka take. Fenti baki ne, kujera baki ce, mitar kilomita kuwa ana mayar da ita baya. Don haka ka'idarmu ita ce: ranar da ka biya kuɗi, ka ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba, ka fara lissafi daga sifiri. Kada ka kashe dukkan kuɗin hannunka wajen saye. Ka rage na wannan aiki.

A makon farko a yi juye, a sa sabuwar filtar baƙin mai, da ta gas, da ta iska. A sauya man giya da man akisil na baya. A wanke lagireto a zuba sabon ruwa. A duba birki. A sauya taimin bel, wanda bayaninsa ke zuwa. Sa'an nan ka sayi littafi ɗan ƙarami ka ajiye a cikin motar, ka rubuta kwanan wata da lambar kilomita da abin da aka yi, kamar yadda kake rubuta bashi. Takardu kuma a kammala su tun yanzu: ta kwastan, da ta shaidar mallaka da sunanka, da lasisi, da inshora. Motar da aka tsare a shinge da kaya a kanta, da wadda ta lalace, duk hasara ɗaya ce.

Fasali na uku: man gas

Nan ne mutane suka fi faɗawa. Tuni gwamnatin Nijeriya ta cire hannunta daga farashin gas, kuma a 2022 kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara guda. Da tsada ta zo, sai algus ya biyo ta: a gauraya shi da kananzir, ko a sayar da na gindin duro mai ruwa da laka. Araha ba ta ado. Famfon injekta da nozul, gas ɗin da kansa shi ne man da ke sa su santsi. Kananzir ba shi da wannan maiƙo, sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Ruwa kuwa tsatsa yake kawowa. Abin da ka rage a jarka guda wurin 'yan bumburutu, za ka biya shi ninki da yawa wurin mai gyaran injekta.

Saboda haka a riƙe gidan mai guda da aka yarda da shi. In tafiyar ƙauye ce, a ɗebi mai daga gari a jarka mai tsabta. A gindin filtar gas akwai wurin da ruwa ke taruwa, da ɗan murfi da ake kwancewa ya tsiyaye. A yi haka lokaci lokaci, kuma in fitilarsa ta kama a gaban direba, a tsaya a yi nan take. Kada a bar tanki ya ƙafe. Motar gas in mai ya ƙare, iska take sha, kuma ko an zuba mai ba za ta tashi ba sai an danna ɗan famfon da ke kan filta an fitar da iskar. Ka sa bakanike ya koya maka wannan da hannunka tun kana gari.

Wanda ya sayi ƙirar baya-bayan nan, mai rubutun D-4D a jiki, ya ninka wannan kiyayewa. Nata nozul na'ura ce ke sarrafa su, sun fi na da laushi, sun fi su tsada, kuma ba kowane bakanike ya iya su ba.

Fasali na huɗu: ƙura da baƙin mai

Sana'armu sana'ar ƙura ce. Ga ta hanya, ga ta hunturu, ga ƙaiƙayi da dusa a wurin lodi. Ƙurar da ta kuɓuce wa filta ta shiga inji, ringi take gogewa kamar ana wanke tukunya da yashi. A fito da filtar iska kowane mako a kaɗe ta a hankali, in an samu iskar mai faci a hura ta daga ciki zuwa waje. In ta huje ko ta yi baƙi ƙirin, a jefar. Kada a yarda da mai cewa a cire ta mota ta ƙara gudu.

Juye kuwa duk kilomita 5,000, tare da filta. Ga lissafi: wanda ke cin kasuwa 4 a mako, kowace tafiya kilomita 250 zuwa da dawowa, ya yi 1,000 a mako. Watau duk mako 5 juye ya kama shi. A sayi man da aka yi domin injin gas, irin mai lamba 15W-40, a galan rufaffe, kuma a tsaya a ga an zuba. Baƙin mai a injin gas yakan yi baƙi da wuri, wannan ba aibu ba ne. Abin tsoro shi ne ya ragu da sauri, ko ya koma launin shayi da madara, domin alama ce ruwa ya shiga cikinsa.

Fasali na biyar: ruwa da zafi

Kowace safiya, kafin a tayar, a duba ruwa da baƙin mai da fambel. Aikin minti 5 ne. A hanya kuma idon direba ya riƙa komawa kan allurar zafi. In ta haura, a tsaya. Mai cewa bari in ƙarasa gari, shi ne ke ƙona gasket ko ya tsaga kan inji. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, zai watsa wa mutum tafasasshen ruwa a fuska, kuma kada a kwara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi. Ruwan rijiya da na rafi suna barin kanwa da tsatsa su toshe lagireto; ruwan sanyaya inji na galan, mai launi, shi ya dace.

Akwai wani ɗan ƙarfe da ake kira tamostat, wanda ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama. Kanikawa da yawa sukan cire shi su ce na ƙasar sanyi ne. Mu ba mu yarda ba. In mota tana zafi, akwai dalili: ko lagireto ya toshe, ko fanka ta yi rauni, ko famfon ruwa ya gaji. A nemi dalilin.

Fasali na shida: taimin bel, da abin da ya same mu

Wannan bel ne na roba mai haƙora, a ɓoye yake bayan murfi a gaban inji, ba a ganinsa kamar fambel. Shi ke daidaita buɗewar bawul da hawan fistin. A injin 3L da 5L ana sauya shi duk kilomita 100,000, watau shekara 2 ga mai lissafin da muka ba da a sama. Galibin Hilux da aka fara yi daga 2015 sarƙa ce a wurin, amma tsofaffin duk bel ne. In ya tsinke ana tafiya, fistin ya daki bawul, sai an sauke kan inji.

Mu kanmu a nan muka sha kashi. Wanda ya sayar mana ya ce bai daɗe da sauyawa ba, muka yarda, muka ga kuɗin bel gara mu ƙara buhu da shi. Wata 4 bayan haka, muna dawowa daga kasuwar ƙauye da masara za mu Dawanau, ana yayyafi, sai mota ta yi shiru ba ko tari. Muka kwana a gefen hanya muna ja wa kaya tamfol. Kashegari muka biya wata mota ta kwashe kaya, muka biya wata ta ja tamu. Buhu 2 suka jiƙe, aka saye su da ragi. Wanda muka yi wa alkawarin kaya ya saya a wani wuri. Mota ta yi mako 3 a gareji ana tsakiyar ciniki, kuɗin gyara ya haɗiye ribar wannan kaka. Duka a kan bel ɗin da bai kai kuɗin buhu biyu ba. In za a sauya, a sauya tare da boris ɗin da ke ɗaure shi, kuma a nemi na ainihi. A Ƙofar Ruwa akwai na ƙwarai akwai jabu, ka tafi da wanda ya san bambanci.

Fasali na bakwai: lodi da taya

Irin wannan mota ton guda aka yi ta ta ɗauka, har da direba da yaron mota. Buhun masara kilo 100 ne, watau buhu 8 iyaka. Mun san ana ɗora 15, har 20, a ƙara mata ganyen sifirin a ce ta ɗauka. Sifirin kaɗai aka ƙara. Birki da kuloci da akisil da taya suna nan yadda suke. Sawu biyu ya fi sawu guda da ba a isa ba. A jera masu nauyi kusa da bayan direba, kada su taru a wutsiya gaba ya ɗaga, sitiyari ya ƙi jin magana.

Taya tana da shekaru a rubuce: lamba 4 a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 cikin 2019. Wadda ta wuce shekara 5 ko 6, ko da zanenta bai goge ba, ba ta kayan nauyi ba ce a zafin bazara. A auna iska da safe taya na sanyi. Giris kuma a bi gaɓoɓin ƙasa da shi duk juye, musamman bayan an ratsa ruwa da damina.

Fasali na takwas: karatun hayaƙi

Salansa tana faɗin gaskiya. Baƙin hayaƙi mai yawa, mai ya fi iska: a fara duba filtar iska, kana nozul. Shuɗi, inji yana cin baƙin mai: ringi ne ko turbo ga mai shi. Fari da safe wanda ya ɗauke bayan ɗan lokaci, galibi hita ce. Fari da bai ɗauke ba, ga ruwa yana raguwa, a kashe mota a kira bakanike. Mai turbo kuma, in ya dawo daga doguwar tafiya, ya bar inji yana aiki minti 1 ko 2 kafin ya kashe.

Faɗakarwa ta ƙarshe

Kuɗin da mota ta kawo ba duka ne riba ba. Ka ɗauki kanka kamar ɗan haya: kowane buhu da ta ɗauko, ka cire kuɗin dakon da da za ka biya wani, ka ajiye shi gefe da sunan mota. Daga ciki za a sha mai, a yi juye, a sayi taya, a tanadi na bel. Abin da ya saura bayan shekara, shi ne za ka kira riba. A littafin nan kuma ka riƙa rubuta litar da aka sha da kilomitar da aka yi. Tamu takan sha lita 10 zuwa 12 a kilomita 100 da kaya. Ranar da lissafi ya haura haka, ko inji yana da magana, ko direba yana da ita. Ka riƙe bakanike guda wanda ya san gas, ka tsaya a kansa in yana aiki, ka karɓi tsohon kayan da ya cire.

Wanda ya riga ya saya bai yi aikin makon farko ba, ya yi shi yanzu, tun sabon hatsi bai sauko ba. Allah ya ba da kasuwa, ya kai kowa gida lafiya. Haza wasalam.