Sassaƙar baka: Kada ilimin ya bi tsofaffi kushewa

A duk faɗin zangonmu na Salaga, mutum ɗaya ne kacal ya rage wanda zai iya ɗaukar icce ya mai da shi baka. Dattijo ne da ya haura shekara 80, kuma idonsa ya fara rauni. Wannan ya sa muka tara samari shida muka je ƙofar gidansa neman koyo.

Da ya ji abin da ke tafe da mu, sai ya yi dariya ya ce, "Ku 'ya'yan zamani masu gaggawa, za ku iya jiran icce ya bushe?" Na ce, "Baba, ai shi ya sa muka zo."

Abin da ya fara nuna mana shi ne zaɓen icce. Ana son gora da ta ƙosa ko reshen dargaza miƙaƙƙe, marar kumburi ko ramin ƙwaro, tsawonsa daga ƙasa zuwa ƙirjin mai shi. Da rani ake sara. Idan yana da ɗan karkata, sai a gasa shi sama-sama a miƙar, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sannan a jingine shi a inuwa wata da watanni. Wanda ya shanya a rana zai tarar ya tsage.

Sassaƙa kuwa da gizago ake farawa, a ƙarasa da wuƙa. Tsakiya, wurin riƙo, ana barinta da kauri, a riƙa sirantawa zuwa bakin nan biyu. Babbar doka ita ce: ta ciki ake kankara, wato gefen da ke fuskantar maharbi. Bayan baka ba a taɓa shi, don shi ne ke miƙewa idan an ja. Ni na ƙi ji, na yanki bayan nawa don ya yi santsi. Jan farko ya karye a hannuna, aikin mako biyu ya tashi a banza. Baba bai ce komai ba, wani iccen kawai ya miƙo mini.

Ana kankara ana dogara bakan a gwiwa ana dubawa, har sai sama da ƙasa sun lanƙwasa daidai. Daga nan a shafe shi da man kaɗe, a murɗa tsarkiya da fata a ɗaura. Kibiya kuma kyauro ne, kanta aikin maƙeri.

Wani zai ce mene ne amfanin baka yau? Ya je Sandema a watan Disamba ya ga bikin Feok, inda Bulsawa ke fitowa da baka da kwari suna tuna nasarar kakanninsu a kan mayaƙan Babatu a ƙarshen ƙarni na 19. Yaransu na gani suna koyo. Mu namu maharban sun shuɗe, kwarinsu na rataye gara na ci.

Ba farauta muke kira a koma ba, gasar harbin bango muke so a fara ranar sallah. Muna roƙon sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa daga Kumasi zuwa Nima su nemo irin waɗannan dattawa tun suna numfashi. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, amin.