VPN a ofis da wayar aiki: ina gaskiya, ina ƙari?

Da yawanmu a Najeriya sai a Yunin 2021 muka san VPN, lokacin da gwamnati ta rufe Twitter har zuwa Janairun 2022. Tun daga nan ake masa kallon layar zana: ka kunna, ka ɓace. Da wannan fahimtar wasu 'yan kasuwa ke ɗora masa sirrin cinikinsu.

Abin da yake yi na gaskiya shi ne kulle bayanai tsakanin na'urarka da wata sabar, ta yadda mai Wi-Fi ɗin otal ko kamfanin layinka ba zai karanta abin da ke wucewa ba. Gaskiya ne kuma ma'aikaci yana Maraɗi zai iya haɗa wayarsa da na'urar rarraba kira ta ofishinsu a Kano, ya amsa kiran kwastoma da lambar ofis.

Amma wai babu mai ganinka? Ƙarya ne. Kamfanin layi ya daina gani, mai VPN ɗin ya karɓi aikin gani. In na ofishinku ne, masu kula da kwamfutoci na iya sanin inda ka leƙa. In kuwa na kyauta ne da ka sauke a waya, tambayi kanka da me masu shi ke cin abinci. Onavo, wani VPN na kyauta mallakar Facebook, an cire shi daga kantin manhajojin Apple a 2018 saboda tattara bayanan masu amfani da shi.

Cewa yana ƙara wa murya kyau ma galibi ba haka ba ne. Zagayen da kira ke yi ta sabar mai nisa jinkiri yake ƙarawa, kuma da jinkirin ya wuce milisakan 150 sai ku fara katse juna. Kiran WhatsApp kuwa dama a kulle yake daga kai har wanda ka kira, ko babu VPN.

Mafi haɗari ita ce maganar cewa mai VPN ya fi ƙarfin masu kutse. A ƙarshen Afrilun 2021, da kalmar sirri ta wani tsohon asusun VPN, wanda ba a sa masa matakin tantancewa na biyu ba, aka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka. Sai da mai ya yi ƙaranci a jihohin kudu maso gabashin ƙasar, kamfanin kuma ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4.