Shin ɓacin ran mai jego yana lalata nono?

A kasuwannin kan iyaka, daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, daga Illela zuwa Birnin Konni, ba wuya ka ji an ce nonon wance ya lalace, wai ɓacin rai ya shige shi. Sai a janye jariri daga mama, a koma koko da madarar gwangwani.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Idan hankalin mace ya tashi, jikinta yana ƙara fitar da wani sinadari da likitoci ke kira kotizol, kuma kaɗan daga cikinsa yana shiga nono. Amma ko da lafiya lau akwai shi a ciki: yana yawa da safe, ya ragu da dare. Bai mai da nono dafi ba.

Inda matsalar take shi ne wajen saukowar nonon. Wani sinadarin, oksitosin, shi ke matso shi idan yaro ya kama. Tsoro, fushi da ciwo suna danne shi. Nonon yana nan, fitowa ce ta yi wuya. Yaro ya ja bai samu ba, ya fasa kuka, uwa ta ƙara ruɗewa, maƙwabta su yanke hukunci. To, mama kuwa gwargwadon tsotso take cika. Da an rage ba yaro, sai nonon ya ragu da gaske, a ce ai da ma an faɗa.

A ƙasar Maleshiya an gwada wa mata masu haihuwar fari sauraron faifan kwantar da hankali lokacin shayarwa. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna jariransu sun fi na sauran barci da ƙarin nauyi.

Ƴan kasuwa, a nan naku yake. Maigida ya bi mota kwana goma bai bar cefane ba, ko mai tuwo-tuwo ta koma rumfa tun ba a yi arba'in ba saboda zubin adashi, duk a jikin mai jego yake sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, don kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. Idan kuwa mai jego ta wuce mako 2 cikin kuka, rashin barci da ƙin abinci, a kai ta asibiti, ciwo ne mai magani.