MacBook Pro a ma'aunin Mubi: Wa ta yi wa amfani, wa ta bari a baya?

A Mugulbu da ke Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, kamar sauran garuruwan yankin, biki bai cika ba sai an ɗauki hoto da bidiyo. Matashin da ke wannan sana'a yakan dawo daga wurin ɗaurin aure da katin kyamara cike da hotuna, dangin amarya kuma na jiran faifai kafin baƙin da suka zo daga Yola ko Kamaru su kama hanya. Idan kwamfutarsa ta tsaya a wannan dare, abin da zai rasa ya wuce kuɗin aiki ɗaya. Sunansa ne zai ɓaci a unguwa, kuma a wannan sana'a suna shi ne jari.

Irin wannan matashi, tare da malaman Jami'ar Jihar Adamawa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, da masu safiyo da masu zanen gine-gine, su ne ƙwararrun da kamfanin Apple ke cewa dominsu ya ƙera MacBook Pro. Sai dai a Kalifoniya aka zana ta, can inda wuta ba ta ɗaukewa, shagon gyara kuma na nan kusa. Shin abin da aka auna da mudun Amurka zai cika kwanon Mubi?

Kuskuren 2016

A Oktoban 2016 Apple ya sauya fasalin MacBook Pro gaba ɗaya domin ta zama siririya. Ya cire ramin katin kyamara, da na HDMI da ake jona majigi ko talabijin, da tsofaffin ramukan USB, da cajar maganaɗisu ta MagSafe. Abin da ya bari shi ne ramukan USB-C da na sauraron sauti. Mai hoto ya koma yawo da jakar adafta kafin ya iya sauke aikinsa.

Babbar matsalar ta fito daga madannan rubutu. Sabon tsarin da aka yi musu ya sa ɗan ƙwayar ƙura kan maƙale harafi, ko ya sa ya riƙa fitowa sau biyu. A 2018 kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta, a 2019 ya fara komawa tsohon tsari, a 2022 kuma ya amince ya biya dala miliyan 50 domin sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Idan ƙurar ofis mai sanyaya ɗaki ta kayar da waɗannan madannai, mai karatu ya kwatanta abin da hazon hunturu zai yi musu a Mubi tsakanin Disamba da Fabrairu.

Wannan tarihi bai wuce ba. Kwamfutocin wannan zubi, na 2016 zuwa 2019, suna cikin kayan gwanjon da ake sayarwa da rahusa a Kwamfuta Bilej ta Ikeja da sauran kasuwanni. Wanda ya ruɗu da tambarin tuffa ya saya, ya ɗauko wa kansa wahalar da mai ita na farko ya gudu ya bari.

Gyaran 2021

A Oktoban 2021 kamfanin ya fito da sabon fasali mai inci 14 da mai inci 16. Ramin katin kyamara ya dawo, HDMI ya dawo, MagSafe ma ya dawo. An kuma cire ɗan allon taɓawa da ya maye gurbin madannan sama. Zubin da suka biyo baya a 2023 da 2024 sun riƙe wannan fasali.

Abin da ya fi shafar mutumin Mubi shi ne batir. Apple ya daina amfani da ƙwaƙwalwar Intel, ya koma tasa wadda ba ta cin wuta sosai, ya kuma ce mai inci 14 na iya kai awa 17 ana kallon bidiyo, mai inci 16 kuma awa 21. Aikin tace bidiyo ya fi kallo jan batir, don haka ba za a ga waɗannan awanni a wurin aiki ba. Duk da haka, na'urar ba ta rage ƙarfi sosai idan aka zare ta daga wuta, saɓanin manyan kwamfutocin Windows da yawa.

A yankin da kamfanin rarraba wuta na Yola ke kula da shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Tun cire tallafin mai a 2023 kuma, kunna janareta ya zama lissafi. Wanda zai yi caji sau ɗaya da hasken rana ya yi aikin yini, ya rage kuɗin fetur ƙwarai. Ta wannan fuska, mai hoto da mai tace bidiyo da mai haɗa sauti sun samu abin da suke nema.

Waɗanda aka bari a baya

Mai safiyo da injiniyan gine-gine labarinsu daban ne. Manhajoji irin su ArcGIS Pro da Revit da Civil 3D a kan Windows kaɗai suke aiki. A da, mai Mac kan raba na'urarsa gida biyu ya sanya Windows ta hanyar Boot Camp, amma sabuwar ƙwaƙwalwar ta rufe wannan ƙofa. Abin da ya rage shi ne amfani da wata manhaja da ke gudanar da Windows a cikin Mac, ita ma da nata cikas. Ɗalibin safiyo da ya matsa wa iyayensa suka sayar da sa a kasuwar shanu ta Mubi domin a saya masa MacBook, yana iya tarar da cewa abokinsa mai tsohuwar HP ko Dell ya riga shi miƙa aiki.

Akwai kuma filashi. Yawancin shagunan buga takardu da ofisoshi har yanzu da tsohon USB suke aiki, wanda ko gyaran 2021 bai dawo da shi ba. Sannan ga zafi. Kamfanin da kansa ya ƙayyade a yi amfani da ita tsakanin ma'aunin digiri 10 zuwa 35, alhali a Maris da Afrilu zafin yankin kan haura haka.

Ranar da ta lalace

Nan ne lissafin ya fi nauyi. Ma'ajiyar bayanai da ƙwaƙwalwar wucin gadi a manne suke da babban allon cikinta. Ba a ƙara su bayan saye, ba a kuma zare su a mayar cikin wata na'ura. Idan tsohuwar Dell ta mutu, mai gyara a kasuwa zai ciro ma'ajiyar cikin 'yan mintuna ya ceto hotunan biki. Idan allon MacBook ya ƙone, hotunan na iya tafiya tare da shi, sai ga wanda ya yi dabarar ajiye kwafi a wani wuri.

Apple ba shi da shagon kansa ko ɗaya a nahiyar Afirka. Wakilai ne ke sayarwa da gyarawa, su kuma a manyan birane suke. Daga Mubi zuwa Yola kaɗai tafiyar kimanin kilomita 200 ce, balle Abuja ko Legas. Kwanakin da na'urar za ta yi a hanya, kwanaki ne da mai ita zai zauna ba aiki.

Sai batun farashi. Mai inci 14 ta fito a 2021 a kan dala 1,999, lokacin da dala ke kusan Naira 410 a farashin gwamnati. A 2024 mafi arha a cikin jerin tana kan dala 1,599, amma dala ta haura Naira 1,500. Ke nan kusan Naira miliyan 2.4 kafin kuɗin fito da ribar ɗan kasuwa, wato albashin kusan shekara uku ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000.

Don haka amsar ta danganta da sana'a. Mai bidiyon da ke samun biki kowane mako, wanda zai iya ware kuɗin ma'ajiya ta waje domin kwafin aikinsa, ya kuma ajiye tsohuwar kwamfutarsa saboda ɓacin rana, zai ci moriyar zubin 2021 da waɗanda suka biyo shi. Mai safiyo, da akanta, da malamin da aikinsa rubutu ne da lissafi, kwamfutar Windows mai sauƙin gyara ta ishe su, ragowar kuɗin kuma ya sayi farantin sola da batir. Kafin kowa ya biya, ya dace ya duba shekarar da aka ƙera na'urar, ya tabbatar manhajar aikinsa na tafiya a kanta, sannan ya zaga kasuwar Mubi ya tambaya ko akwai mai iya buɗe ta.