Ƙara wa Tsofaffin Hotuna da Bidiyo Girma ta Hanyar Buɗaɗɗiyar Manhaja

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɗauko tsohon faifan fim ɗin Hausa ya sa shi a babbar talabijin ta zamani ya san abin da ke biyo baya. Fuskokin 'yan wasa sukan yi dishi-dishi, gefen riga ya yi hawa-hawa kamar matakala, sunayen da aka rubuta a ƙarshen fim kuma ba sa karantuwa. Sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, allon ne kawai ya fi ƙarfin hoton. Tun daga fitowar Turmin Danya a Kano a shekarar 1990, an yi shekaru ana fitar da finafinan Hausa a kaset, daga baya kuma a faifan VCD. Waɗannan finafinai taska ce ga mai nazarin harshe da al'ada. Wannan takarda za ta bayyana yadda ake ƙara wa irin waɗannan hotuna girma da manhajojin kyauta, da kuma iyakar abin da za a iya dogara da shi a cikin sakamakon.

2.0 Ɗigo da Yawan Ɗigo

Kowane hoto a kwamfuta haɗuwar ƙananan ɗigogi ne, kowanne da launinsa. Ana kiran ɗigo ɗaya fiksel. Hoton faifan VCD na tsarin PAL yana da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, watau 101,376 gaba ɗaya. Na DVD yana da 720 sau 576, watau 414,720. Allon talabijin mai cikakken HD kuwa yana da 1,920 sau 1,080, watau 2,073,600. Ke nan allon ya ninka abin da ke cikin faifan VCD fiye da sau 20. Tilas ne na'ura ta samo abin da za ta cike sauran gurabun da shi. A kan wannan cike gurbi ne batun ƙara girman hoto ya ta'allaƙa.

3.0 Hanyoyi Biyu na Cike Gurbi

Hanya ta farko ita ce ta lissafi. Na'ura takan dubi ɗigogin da ke maƙwabtaka da gurbin, ta ɗauki matsakaicin launinsu ta sa a wurin. Manhajoji irin su GIMP da FFmpeg sun daɗe suna yin wannan. Hanyar tana da sauri, kuma ba ta ƙara wani sabon abu, sai dai hoton yakan fito da girma amma da hazo.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙirƙirarriyar basira. A nan akan tara dubban hotuna masu kyau, a rage girmansu da gangan, sannan a horar da manhaja ta riƙa gwada ƙaramin da babban har ta koyi yadda gashi ko ido ko ganye yake kasancewa idan hoto ya fito sarai. A shekarar 2014 ne masu bincike a wata jami'a ta Hong Kong suka fito da tsarin SRCNN wanda ya nuna ingancin wannan hanya. A 2015 aka gina manhajar waifu2x a kansa, domin zane-zanen katun na Japan. A 2018 aka samu ESRGAN, wadda ke amfani da sassa biyu masu gasa da juna: ɗaya yana zanawa, ɗaya yana ƙoƙarin gano ko zanen na jabu ne. A 2021 kuma Real-ESRGAN ta fito, wadda aka horar da hotunan da aka ɓata da hazo da yayyafin ɗigo da matsi, don ta saba da irin lalacewar da ake samu a hotuna na yau da kullum.

Za a iya kwatanta aikin da na maɗinkin da aka kawo wa babbar riga mai aska takwas wadda rabin aikinta ya cinye. Saboda ya ɗinka irinta da yawa, zai iya cike wurin har ba a gane ba. To amma abin da ya cike daga ƙwaƙwalwarsa ya fito, zaren maɗinkin farko ya riga ya tafi.

4.0 Mece ce Buɗaɗɗiyar Manhaja?

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka fitar da rubutun umarnin da aka gina ta da shi, suka kuma ba kowa izinin karantawa da gyarawa da rabawa. Ɗaya daga cikin sanannun lasisin da ke ba da wannan izini shi ne GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a Amurka a 1989. A fannin ƙara girman hoto, Upscayl, wadda ta fito a 2022, ta fi sauƙi ga ɗan koyo, domin zaɓen hoto kawai ake yi a danna maɓalli, kuma tana aiki a Windows da macOS da Linux. Video2X kuwa an yi ta ne domin bidiyo.

Amfanin irin waɗannan manhajoji ga ɗalibi uku ne. Na farko, ba a biyan kuɗin lasisi. Na biyu, da zarar an sauke su suna aiki ba tare da intanet ba, saboda haka hoton iyali ko na rubutun wani malami ba ya barin kwamfutar mai shi. Na uku, tunda hanyar aikinsu a fili take, mai bincike zai iya faɗin ainihin abin da aka yi wa hoto, wani kuma ya maimaita ya gani.

5.0 Matakan Aiki

Da farko akan kwafi faifan ko kaset ɗin zuwa kwamfuta, a ajiye wannan kwafi a gefe ba tare da an taɓa shi ba. Idan daga kaset aka ɗauko, akan fara daidaita layukan hoton, a rage yayyafin da ke kansa, domin manhaja tana iya ɗaukar datti a matsayin ɓangaren hoto ta ƙara fito da shi. Daga nan sai a rarraba bidiyon zuwa hotuna ɗai-ɗai. A tsarin PAL daƙiƙa ɗaya tana ɗauke da hotuna 25, ke nan fim na awa ɗaya ya ƙunshi hotuna 90,000. Kowanne sai an ninka girmansa sau 2 ko sau 4, sannan a sake jera su, a mayar musu da sautinsu. Video2X tana yin rarrabawa da jerawar da kanta.

Aikin yana bukatar kwamfuta mai katin sarrafa hoto mai ƙarfi, kuma yana iya cin sa'o'i masu yawa. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ya fi dacewa a yanka fim gunduwa-gunduwa, a fara gwaji da minti ɗaya. Haka kuma, idan an gyara kowane hoto shi kaɗai, akan ga fuska tana ɗan rawa daga hoto zuwa hoto. Sauti dai yana nan yadda yake, ƙara girman hoto ba ya gyara murya.

6.0 Inda Haɗarin Yake

A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka fitar da wani tsari mai suna PULSE. Da wani ya ba shi hoton tsohon shugaban ƙasar, Barack Obama, wanda aka rage wa ɗigo, sai ya fito da fuskar wani Bature. Masana da dama sun danganta wannan da irin hotunan da aka horar da tsarin da su, waɗanda fararen fata suka fi yawa a ciki. A 2024 kuma wani alƙali a jihar Washington ya ƙi karɓar bidiyon wayar salula da aka gyara da ƙirƙirarriyar basira a matsayin shaida a wata shari'ar kisan kai.

Wannan ya shafi mai nazarin Hausa kai tsaye. Manhajar da ba ta saba da tsagar gado ba tana iya ɗaukar zube ko bille a matsayin tabon hoto ta shafe shi, alhali kuwa wannan tsaga ita ce ke nuna asalin mutumin. A rubutun ajami, ɗigo ne ke bambanta ba da ta da nun da ya a tsakiyar kalma, kuma ɗigo ne a ƙarƙashin baƙi ke nuna wasalin e. Ƙarin ɗigo ɗaya ko ɓacewarsa ya isa ya sauya karatu. A boko ma, lanƙwasa ce kaɗai ta raba kafa da ƙafa, ko baki da baƙi. Abin da ya fi muni shi ne kuskuren yakan fito tsaf, har ya fi daidai ɗin kyan gani, mai karatu ba zai yi zargin komai ba.

7.0 Kammalawa

Buɗaɗɗun manhajoji sun sauƙaƙa wa ɗalibi da malami nuna tsohon fim a aji, ko buga tsohon hoto a allon bango ba tare da ya dusashe ba. Amma Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Saboda haka akwai ƙa'idoji uku da ya kamata a kiyaye. A ajiye asalin hoto ko bidiyo a wuri fiye da ɗaya. A rubuta sunan manhajar da aka yi amfani da ita da yawan ninkin da aka yi a jikin kowane kwafin da aka gyara. Sannan duk lokacin da za a kafa hujja da wata fuska ko tsaga ko baƙi a cikin bincike, a koma ga asalin, ko da kuwa dishi-dishi yake.